Na Shiga Linux, To Wanne Zan Riƙe? Tambayoyin Sabon Shiga da Amsoshinsu

Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a nan Maradi, kuma tun da maganar daina tallafa wa Windows 10 ta taso, kusan kowane mako sai wani ya ajiye babur a ƙofa ya shigo da tambayoyi iri ɗaya. Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, malaman lakwal, masu siber, har da wani dattijo mai shagon littattafai. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda, yadda ake yi mini su.

Malam, shi Linux ɗin nan mene ne ma tukuna?

Babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, kamar yadda Windows yake yi. Zuciyarta wani ɗalibi ne a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Kayan aikin da suka kewaye ta kuwa da yawansu daga shirin GNU suka fito, wanda Richard Stallman ya soma a 1983. Bambancinta da Windows shi ne ba a ɓoye yadda aka rubuta ta ba. Kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu, ba tare da an ce ya yi sata ba. In wayarka Android ce, to zuciyar Linux na aljihunka tun tuni.

Me ya sa sunayen suka yi yawa? Ubuntu, Mint, Debian, Fedora, Kali...

Saboda kowa na da izinin ɗaukar kayan ya haɗa nasa. Ka ɗauki gero: shi ne fura, shi ne tuwo, shi ne kunu. Hatsin ɗaya ne, hannun da ya sarrafa ne ya bambanta.

Kuma yawancinsu dangin juna ne. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, shi ne kaka. Ubuntu ya fito daga cikinsa a 2004, da kuɗin wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth. Linux Mint kuma daga Ubuntu ya fito a 2006, hannun wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre. Wanda ya iya ɗaya daga cikin ukun nan ya riga ya iya mafi yawan sauran biyun. Fedora da Arch wasu gidaje ne daban, da nasu al'adu.

To wanne zan girka?

Linux Mint. Ba zan yi maka kewaye-kewaye ba.

Ba don ya fi kowa ba ne. Dalilina shi ne fuskarsa ba za ta ba ka tsoro ba: maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo yana ƙasa ta dama, inda idonka ya saba nema. Yana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi a shirye. Sannan Mint 22, wanda ya fito a 2024 bisa Ubuntu 24.04, za a ci gaba da ba shi gyare-gyaren tsaro har 2029. Mutumin da ke ƙirga mega kafin ya buɗe intanet ba ya buƙatar abin da zai sa shi sake girkawa duk shekara. Fedora, alal misali, yana fitar da sabon zubi kusan duk wata shida, kuma kowane zubi ɗan sama da shekara guda ake kula da shi. Arch kuwa sabuntawarsa ba ta tsayawa, kullum akwai abin saukewa.

In wani ɗan'uwanka da kuke gida ɗaya ya ƙware a Ubuntu, to ka girka Ubuntu, ka manta da maganata. Wanda za ka iya tasa da dare ka ce masa sauti ya ɗauke ya fi duk wata shawara da zan ba ka.

Ashe ba gara in ɗanɗana da yawa ba, in ga wanda ya dace da ni?

A nan ne zan daɗe, don a nan na faɗi.

Shekarar da na fara, sai da na girka iri bakwai. Duk sanda Wi-Fi ya ƙi, ko firinta ta yi gardama, sai in ce wannan ba shi da kyau, in share, in sauko da wani. Forfe nawa na ƙona a haka, Allah kaɗai ya sani. Da shekara ta zagayo na zauna na tambayi kaina me na iya, sai na tarar abu ɗaya ne tak: girkawa. Na san allon zaɓen harshe da na raba faifai kamar tafin hannuna. Amma in ka ce in nuna maka inda tsarin ke ajiye bayanan kurakurai, ko in gyara izinin wani fayil, sai in yi tsuru-tsuru.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, matsalar da na gudu daga gare ta a can ita ce ke jirana a nan, tunda zuciyar ɗaya ce. Katin Wi-Fi ɗin kwamfutata ne ke buƙatar wani direba, wato ƴar manhajar da ke sa shi aiki, kuma duk inda na je sai na girka shi. Ranar da na haƙura na zauna na warware ta, na koyi abin da sauye-sauye bakwai ba su koya mini ba.

Yaron da aka kai koyon ɗinki, in yau yana wajen wannan tela, jibi ya koma wajen mai saƙa, gata ya ce kanikanci yake so, kowa ya san yadda zai ƙare. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Ka ɗauki ɗaya ka yi masa alkawarin shekara guda, daga wannan damina zuwa waccan. Duk abin da ya lalace a tsakani, a ciki za ka gyara shi. Bayan shekara, in ka ga dama ka sauya, lokacin za ka san abin da kake nema da dalilin nemansa.

Ɗanɗano kuma ba a hana ka ba. Yawancinsu suna tashi daga kile (USB) ba tare da sun taɓa faifan kwamfutarka ba. Akwai wata manhaja, Ventoy, da ke ba ka damar zuba da yawa a kile ɗaya. Ka leƙa, ka sha kallo, ka cire kile, ka koma gida.

Abokaina duk Kali suke sawa. Ba shi ne na ƙwararru ba?

Ƙanena, Kali akwatin kayan aiki ne na masu gwajin tsaron na'urori, kuma su kansu masu shi sun faɗa cewa ba a yi shi don sabon shiga ba. Hoton dodon nan da ke kan allo ba ya ƙara wa kowa ilimi. Na sha ganin yaro da Kali a kwamfuta, bai san yadda zai kwafe fayil daga wannan jaka zuwa waccan da umarni ba. In tsaro kake son karanta, hanyar ta nan ta bi: Kali ɗan Debian ne, duk abin da ka koya a Mint za ka tarar da shi can.

Kwamfutata okaziyo ce, ta tsufa. Za ta ɗauka?

Mafi yawan waɗanda ake kawo mini daga kasuwa, ko waɗanda suka biyo ta Dan Issa daga Kano da Katsina, suna ɗauka. Mint na neman ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, giga 2 a ƙalla, amma giga 4 ne ke sa a ji daɗi, da wurin ajiya giga 20 zuwa sama. Yana da fuskoki uku: Cinnamon, MATE da Xfce. Mai giga 4 ko fiye ya ɗauki Cinnamon. Mai giga 2 ya ɗauki Xfce, ya kuma rage buɗe shafuka barkatai, don burauza ce ke cin ram, ba Linux ba.

Abu ɗaya: tun daga zubi na 20, Mint ya daina tallafa wa na'urori masu 32-bit. In taka irin ta can-can baya ce, kawo ta a duba tukuna. In kuwa kana da ɗan abin hannu, sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD, faifan zamani marar juyawa, ya fi kowace dabara sa kwamfuta gudu.

Mene ne haɗin wannan da Windows 10?

Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa, ciki har da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa sosai ba, kuma tsofaffin kwamfutocinmu da yawa ba su cika su ba. Kwamfutar ba ta mutu ba, lafiyarta lau. Gyare-gyaren tsaro ne suka tsaya.

Yaya ake girkawa? Kuma takarduna fa?

Kafin komai, kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani faifai na waje. Kada ka ce ai a hankali za ka yi. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa mini ido jajir, ya danna zaɓin share faifai gaba ɗaya, memuwar ɗinsa na ƙarshen karatu na ciki, saura makonni ya kare shi gaban malamai. Mun ceto wasu babi, wasu sai da ya sake rubutawa.

Bayan haka sai ka nemi fayil ɗin girkawa, wanda ya kusa giga 3. Ba dole ka sauke da kanka ba, halal ne ka kwafa daga wanda yake da shi, amfanin abin ke nan. Ka dai gwada lambar sha256 ɗinsa, wato lambar tantance fayil, da wadda masu Mint suka wallafa, don ka tabbata bai gurɓata ba. Sai a rubuta shi a kile da Rufus ko balenaEtcher. A kunna kwamfuta ana danna maɓallin zaɓen abin da za ta tashi da shi: F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo da yawa.

Da ya tashi daga kile, kada ka yi saurin girkawa. Gwada Wi-Fi, gwada sauti, gwada kamara, sa waya ka ga ko ya gan ta. Kuma ka tabbata batir ya cika, ko akwai wutar da ka amince da ita. Mun san halin kuran a watan Afrilu da Mayu, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba faifai ba abin wasa ba ne.

In bar Windows a gefe, ko in share shi?

In akwai manhajar da abincinka ya rataya a kanta kuma Windows kaɗai take sani, bar shi. Mai girkawar Mint yana da zaɓin zama tare da Windows, duk sanda ka kunna sai ka zaɓi wanda za ka shiga. Kafin nan ka kashe saurin tashi na Windows, in kuma an kulle faifan da BitLocker ka adana mabuɗinsa.

Sai dai na lura, mai gida biyu da zarar abu ya yi tsauri sai ya tsallaka tsohon gida. In ka bar Windows, ka sa wa kanka doka: aiki kaza kaɗai ke kai ni can.

Wani abin dariya kuma: bayan ka haɗa su, za ka ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Ba aljanu ba ne. Linux yana saita agogon na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuwa a Nijar muna gaban UTC da awa guda. Wani malami sai da ya makara azahar kafin ya kawo mini ƙara. Umarnin `timedatectl set-local-rtc 1` a Mint yana sasanta su.

Word da Excel fa? Da su ake karɓar aiki a ofis.

Ba sa girkuwa kai tsaye. LibreOffice ne a madadinsu: Writer don rubutu, Calc don lissafi, Impress don nuni. Yana buɗe takardun Word da Excel, yana kuma ajiyewa a tsarinsu. Wasiƙa, rahoto, jadawalin maki, lissafin shago, duk yana yi.

Inda ake samun saɓani shi ne takarda mai ado da yawa, ko Excel mai makro, wato jerin umarnin da ke aiki da kansa. Wani lokaci layi ya zame, shafi ya ƙaru. Yawanci haruffa ne sanadi: takardar ta nemi Times New Roman ko Calibri, babu su. Liberation Serif faɗinsa ɗaya da Times New Roman, Carlito kuma ɗaya da Calibri, in suna nan shafuka ba sa watsewa. Abin da za ka kai siber a buga, mayar da shi PDF tun daga gida, ka huta da gardama da mai shago.

Masu aiki da Photoshop, AutoCAD ko manhajar akanta ta Sage, gaskiya ita ce ku riƙe Windows ɗinku a gefe. GIMP da Inkscape, na gyaran hoto da zane a Linux, suna aiki sosai, amma sai an sake koyon hannu. Ɗaliban aikin gona da muhalli kuwa ku kwantar da hankali, QGIS na taswira da R na ƙididdiga ƴan gida ne a Linux.

Madannaina AZERTY ne, na ƙanwata QWERTY. Kuma ta yaya zan rubuta ƙ da ɗ?

Wannan matsalar tamu ce ta bakin iyaka: wadda ta zo daga Faransa AZERTY, wadda ta biyo ta Najeriya QWERTY. Lokacin girkawa ka zaɓi wanda ya dace da abin da ke rubuce a kan maɓallanka, ka gwada a ɗan akwatin gwaji kafin ka wuce. In ka yi kuskure a nan, kalmar sirrin da ka sa za ta ƙi buɗewa daga baya, ka rasa dalili, alhali a da q ne suka yi musaya.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, a saitin madannai akwai tsarin Hausa a ƙarƙashin Najeriya, akwai wani a ƙarƙashin Gana, kana iya ƙarawa kusa da na Faransanci da na Larabci ka riƙa juyawa. In ba ka son sauya tsari, a LibreOffice rubuta lambar harafin ka danna Alt da X tare: 0199 ya zama ƙ, 0257 ya zama ɗ, 0253 ya zama ɓ, 01b4 ya zama ƴ. Ni na sa su a gyaran rubutu na kai-tsaye, in na buga wata alama da na zaɓa sai harafin ya fito. Tunda a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata mu daina rubuta kasa muna nufin ƙasa. Allon Mint kansa dai da Faransanci ko Ingilishi ko Larabci za ka yi amfani da shi, fassarar Hausa ba ta yi nisa ba tukuna.

Dole sai na koyi baƙin allon nan na umarni?

Ba dole ba ne a watan farko. Manajan manhajoji yana girka VLC da dannawa biyu, manajan sabuntawa yana nuna garkuwa a kusa da agogo in akwai sabo, manajan direbobi yana nemo abin da katin Wi-Fi ko na hoto ke buƙata.

Amma kada ka guje shi har abada, don a nan ilimin yake. Fara da kaɗan. `pwd` ya gaya maka inda kake, `ls` ya nuna abin da ke wurin, `cd` ya kai ka wata jaka, `df -h` ya nuna sauran wurin ajiya. `sudo apt update` ya sabunta jerin manhajoji, `sudo apt install vlc` ya girka. Kalmar `sudo` tana nufin ka ɗauki sandar mai gida, abin da ka ce shi za a yi, ko da rushe ɗaki ne. Saboda haka umarnin da ka tsinta a intanet, in ba ka gane shi ba, kada ka liƙa. In ka buga kalmar sirri ka ga babu abin da ya fito a allo, haka aka yi shi, ci gaba ka danna shiga.

Ka sayi ɗan littafi na dala ashirin ko abin da ya samu, duk matsalar da ka warware ka rubuta yadda ka yi. Nawa yana nan cikin aljihun tebur, ya yi baƙi da maiƙo, har yanzu ina buɗa shi.

Ba zai cinye mini forfe ba?

Ba ya sauke sabuntawa a ɓoye sai in kai ka saita shi haka. Kai ke zaɓen lokaci, sai ka bari sai ka samu Wi-Fi ko forfen dare. Na tsaro da na Firefox dai kada ka bar su su daɗe. Ka lura da manhajojin da aka rubuta wa Flatpak, wata hanyar girka manhaja ta daban: na farko da za ka girka yakan jawo wasu manyan kaya tare da shi, ɗaruruwan mega. In manhajar tana da zubi na tsarin Mint, shi ya fi sauƙi a aljihu. Waya kuma in ka haɗa ta da igiya ka kunna raba intanet, nan take yake ganinta.

Gaskiya ne ba ya kamuwa da bairos?

An ƙara gishiri. Abin da ke gaskiya shi ne bairos ɗin Windows ba ya tashi a cikinsa. Wannan na siber da ke ɓoye takardu a kile ya bar maka gajerun hanyoyi, in ka sa kilen a Mint za ka ga takardunka, ka ga shi ma bairos ɗin a zaune, ka share shi da hannu. Na ceto kile da yawa a haka. Amma wanda ya aiko maka saƙon ƙarya ka ba shi kalmar sirrinka ta Facebook, babu Linux ɗin da zai tsare ka.

In na ɓata shi fa?

Za ka ɓata shi, kowa ya ɓata. Ranar farko ka kunna Timeshift, yana ɗaukar hoton tsarin, in abu ya rikice ka koma yadda yake jiya. Amma ka sani, a saitinsa na asali tsarin yake adanawa, ba takardunka ba. Su sai ka kwafe da kanka.

In za ka nemi taimako, kada ka ce kawai ya ƙi. Faɗi abin da ka yi, ka ɗauki hoton saƙon da ya fito, ka buga `inxi -Fxz` ka nuna sakamakon, shi ke faɗin irin kayan da ke cikin na'urarka. Kuma kafin ka zargi Mint da kashe kansa, taɓa ƙasan kwamfutar. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, zafin bazara ya ƙarasa ta.

Firinta ta shagona za ta yi aiki?

Yawancin na HP suna yi da zarar an haɗa. Wasu na Canon sai an nemo direba daga wajen kamfanin, wani lokaci da ɗan gumi. Mai siber ya gwada daga kile da firintarsa da sikanarsa kafin ya taɓa kwamfutar da yake cin abinci da ita. In zai sauya, ya fara da guda ɗaya ta can kusurwa, ya ga yadda kwastomomi za su yi da ita mako biyu.

Malam, in na kawo tawa za ka sa mini?

Zan zauna kusa da kai, amma kai za ka danna. Zo da kile mai giga 8, da cajarka, kuma ka kwashe takardunka tun daga gida. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci.